Hannun Wanzami da Maƙogwaron Shamsu

Wata huɗu ke nan Hassan Wanzami bai ɗora aska a jikin kowa ba, in aka cire ƙwarya guda da ƙaurinsa na hagu.

Ciwon ya zo masa ne da hantsi, yana tsakar yi wa wani dillalin shanu gyaran fuska a gindin dogonyaro a kasuwar Bagudo. Hannun dama ya yi nauyi, baki ya ɗan karkace, aska ta sulale ta faɗi. Dillali ya tafi gida da rabin saje, shi kuma aka tafi da shi Birnin Kebbi. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa shi, amma taɓawa ta gargaɗi. Ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi gishiri da jan nama da fushi, wato duk abin da ya rage wa mutum mai shekara hamsin da uku. Cikin sati biyu baki ya koma mazauninsa. Hannu ma ya dawo, yana ɗaukar buta, yana kai loma. Likita ya tsira masa allura a yatsa, ya ce wayyo, likita ya ce ya warke.

Sai dai likita bai taɓa yin aski ba. Jin allura daban, jin aska daban. Aska ƙasa-ƙasa take magana: nan akwai ƙurji, nan fata ta yi laushi, nan tsohon tabo ne, bi a sannu. Wannan muryar ce Hassan bai tabbata ko yatsunsa na ji har yanzu ba, kuma ba abu ne da ake gwadawa a kan mutum ba. Ya gwada a bayan ƙwarya da kumfar sabulu, ƙwarya ba ta yi ƙorafi ba, amma dama can ba halinta ba ne. Ya ɓuya a bayan ɗaki ya aske ƙaurinsa. Mariyamu matarsa ta dubi ƙaurin, ta dubi mai ƙaurin.

"Malam, ɗayan fa? Ko shi sai baɗi?"

Ga mutanen gari kuwa, cewa yake likita ya ce ya huta.

Cikin hutun nan ne ya riƙa zama a shagon Olusegun mai gyaran janareta, wanda ya shekara ashirin da wani abu a Bagudo, Hausa ta zauna a bakinsa har da ta zagi. Segun, kamar yadda ake kiransa, na da wata ɗabi'a da Sarkawa masuntan bakin kogin Kwara ke yi wa dariya. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya tafi kogi da sandar fatsa siririya, ba taru, ba tana, ba komai sai 'yar ƙugiya mai kan darma kamar ƙwayar gyaɗa, da wutsiyar roba mai laushi. Ya jefa, ya bari ta nutse, ya riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan tana tsalle a ƙasan ruwa kamar ɗan kifin da ba ya jin daɗi.

"Aikin hannu ne tsantsa, Sarkin Aska," in ji shi. "Ido ba ya ganin komai. Yatsa ke gaya maka, wannan dutse ne, wannan yashi, wannan kuma kifi ne ya yi sallama. Tik. Ɗan tik kawai za ka ji."

Hassan ya dubi yatsunsa. Ga jarrabawar da yake nema, wadda ko ya faɗi ba wanda zai zubar da jini.

Segun ba ya ba kowa sandarsa, ko Bisi matarsa ba ta goge mata ƙura. Amma akwai wata da surukinsa ya kawo masa tsaraba daga Kwatano, jibgegiya, mai kaurin ƙotar fartanya, tana jingine a bayan shago tun da ta zo. Ita ya ba Hassan aro.

Lahadi uku suka yi a bakin ruwa. Segun na ta jawo ƙananan giwan ruwa yana waƙar cocinsu. Hassan na tsaye kamar dogarin da aka manta a bakin ƙofa, yana jiran tik. Ba tik, ba dutse, ba yashi. A Lahadi ta uku ya naɗo zarensa, ya tarar an cinye wutsiyar robar har gindi. Kifi ya zo, ya yi sallama, ya ci, ya sa albarka, ya tafi, hannu bai ce uffan ba. Hassan ya cusa ƙugiyar a aljihu kafin Segun ya gani. Da ya koma gida ya ce kansa ke ciwo.

Ranar Talata Zuhura ɗiyarsu ta haihu, namiji, jikansu na fari.

A gidansu Hassan, tun daga kakan kakansa, baƙon wanzami bai taɓa yi wa jinjirin gidan askin suna ba. Da aka miƙo masa yaron a zane, ya dubi kan, gashi baƙi kwance luf-luf, maɗiga na harbawa a hankali a tsakiya, wuri mai laushi kamar fatar da ke kan dafaffiyar madara. Mata na ta tsokanarsa, wai ga wanda zai ƙwace masa mata ya iso. Ya yi dariyar da aka sa ran zai yi, ya mayar da yaron da sauri.

Kwana uku yana juya abin. In ya ɗora aska da hannun da ba ya ji, Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya. In kuma ya kira wani, to duk Bagudo ta gama sani: wanda bai yarda da hannunsa a kan jikansa ba, wa zai sake miƙa masa kai? A ƙarshe ya zaɓi kan yaron. Akwai Zainulabideen a Illo, wanda ya koyi sana'a a hannun mahaifin Hassan. Zai kai masa askar tsohon, ya ce girmamawa ce. Kowa zai gane ba girmamawa ba ce, amma aƙalla za a samu abin faɗi.

Segun ya ce dama zai shiga kasuwar Illo neman kayan gyara, ya hau su tafi, kuma ya riƙo masa jibgegiyar sandar ko za a yi masa musaya da wani abu mai amfani. Haka suka kama hanya a babur, Hassan a baya, zabirar askinsa a rataye, sanda a tsaye bisa kansa, duk ƙauyen da suka ratsa sai an bi su da kallo kamar masu tallan eriya.

"Mu fara biyawa wajen Shamsu," in ji Segun. "Minti biyar."

Shamsu mutumin tsallaken iyaka ne, yana ciniki da yaren Dendi da Faransanci da Hausa, wani lokaci duka a jimla guda. Rumfarsa cike da kayan gwanjo na Kwatano: dutsen guga, rediyo, takalman ƙwallo, da sandunan fatsa a ɗaure a kusurwa kamar damin kara. Ya karɓi jibgegiyar ya jinjina ta.

"Oga Segun, wanga ta teku ce. Da ita aka jawo kifin da ya kai jaki. Mi kuke jefawa da ita?"

Segun ya nuna masa 'yar ƙugiyar darma.

Shamsu ya dubi ƙugiya, ya dubi sanda. "Wa ya yi wanga aiki?"

"Ba ni ba," in ji Segun. "Ga shi nan. Lahadi uku, ko ƙaya bai kama ba."

"Sanda ba ta da laifi," in ji Hassan. Bai yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta gaji da zama. "Hannun ne. Ba ya ji. Tun ciwon nan."

Segun ya juyo ya dube shi, ya dubi zabirar, kuma da alama a nan ne ya gane abin da ya kawo su Illo. 

Shamsu bai ce sannu ba. Ya miƙa wa Hassan gindin sandar. "Riƙe, Baba." Ya ja da baya, ya kama tsinin, ya ɗaga haɓa ya ɗora shi a kan zakaran wuyansa, ya fara gunji ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin yaro. "Ka ji wani abu a hannu?"

Hassan ya saurara da dukkan jikinsa. "A'a."

 Ga shi an tabbatar masa a tsakiyar kasuwa, a gaban dutsen guga.

"Oga, karɓi."

Segun ya karɓa. Shamsu ya sake gunji, har da ƙari. Segun ya karkata kai, ya runtse ido, ya canja hannu.

"Ni ma ban ji komai ba fa."

"Ina za ka ji? Ko jirgi ya bi ta kanta ba ka ji. Ka ba dattijo taɓarya ka ce ya yi tsifa da ita." Shamsu ya jefar da ita gefe ya kwance damin. "Darma ƙarama, sanda marar nauyi. Ba a haɗa su da son rai."

Ya zaro ta farko ya kaɗa, ta yi ta lilo tun daga gindi har tsini, ta ƙi tsayawa. "Wanga ragguwa ce, duk saƙon da kifi ya aiko a hanya take cinye shi." Ya zaro ta biyu, ya ce ta yi tsawo, iska za ta riƙa yi mata magana fiye da kifi. Ta uku baƙa ce, ta ɗara tsayin mutum kaɗan, an ɗaure zobenta guda da zaren ɗinki. Ya kaɗa ta, tsinin kaɗai ya rusuna ya miƙe nan take, sauran jikin bai motsa ba.

"Ka gani? Kai mai kunya, gindi mai taurin rai. Riƙe. A'a, ba kamar mai dukan jaki ba. Sassauta. Ɗora manuniya a nan, inda babu rufi, a jikin sandar kanta."

Hassan ya ɗora. Riƙon bai yi masa baƙo ba, kusan haka ake riƙe aska.

Shamsu ya mayar da tsini a maƙogwaro ya fara.

Abin ya shigo ta kan yatsa, siriri, kamar ƙudan zuma a cikin kara. Ya bi ta wuyan hannu ya haura. Hassan bai yarda ba. Wata huɗu yana zargin hannun nan, ba zai sallame shi da shaida guda ba.

"Kunnena ne ke ji. Segun, toshe mini kunne."

Segun ya zagayo ta baya ya cusa masa yatsu biyu masu warin baƙin mai. Hassan ya rufe ido. Kasuwa ta ɗauke.

"Ka fara," ya ce, da ƙarfin wanda ba ya jin kansa. "Ka daina. Ka sake. Ka daina. Yanzu yawu ka haɗiye." Ya ɗan dakata, ya motsa sandar kamar faɗin gashi. Tsinin na kartar wani abu, ƙaras-ƙaras. "Kuma wanda ya yi maka gyaran fuska ya bar gona guda a ƙarƙashin haɓa, ɓangaren hagu."

Da ya buɗe ido, mutum bakwai ko takwas sun taru suna kallon dattijo da aka toshe wa kunne yana soke ɗan kasuwa a wuya. Shamsu na shafa ƙarƙashin haɓarsa.

"Wallahi akwai. Jiya-jiyan nan aka yi shi. Zainulabideen ne."

Hassan ya zauna a kan wata tsohuwar rediyo ba tare da neman izini ba. Dariya ta taso masa, ta haɗu da wani abu a hanya, sai da ya goge ido da hannun riga. Ya dubi hannun damansa kamar wanda ya yi wa amininsa ƙazafin sata, aka kuma tsinci kayan a nasa aljihun.

"Ni na jawo," in ji Segun. "Da na ba ka tawa tun farko..."

"Da ka ba ni taka da an yi kiran sallah a cocinku." Ya sauke zabira ya kwance. Askar mahaifinsa na nan a naɗe a tsumma, yadda ya shirya miƙa ta. Ya wasa ta a fata sau huɗu. "Shamsu, samo ruwa. Zauna nan."

Shamsu ya dubi askar. "Baba, ba kai ne yanzun nan ka ce hannun..."

"Kai ka fara miƙo wuyan. Ban roƙe ka ba."

Ya zauna, yana karanto abin da ya sawwaƙa. Aska ta sauka a fata, ta fara magana ƙasa-ƙasa kamar ba ta taɓa yin shiru ba: nan gashi ya juya, nan akwai ɗan ƙurji, kauce, nan zakaran wuya ne, yana rawa don mai shi na tsoro. Hassan ya bi ta har ƙarshe. Ko ɗigon jini. Shamsu ya shafa, ya nemi madubi a cikin kayan gwanjonsa, ya daɗe yana kallo.

Ba su je gidan Zainulabideen ba. Jibgegiyar ta zauna a Illo, baƙar ta hau babur.

Ranar Talata da sassafe, bayan an raɗa wa yaro suna Sufyan, aka kawo shi zaure a hannun gwaggonsa, da ruwan ɗumi a sabuwar ƙwarya. Hassan ya jiƙa kan, ya ɗora manuniya a gefen maɗiga. Tana harbawa, tik, tik, tik, ƙarami fiye da duk abin da kifi zai iya aikowa. Ya yi bisimilla. Yaron ya tsala ihu tun kafin a taɓa shi, ya yi barci kafin a gama.

Da aka watse, Mariyamu ta zo ɗaukar ƙwaryar. Ta tsaya tana kallonsa yana goge aska.

"Na ɗauka Illo ka tafi kiran wani," ta ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙaurinka."

Lahadin da ta biyo ya koma kogi da baƙar sandarsa. Ya ji dutse, ya ji yashi, ya ji wani tsohon taru da ya nutse, ya ji kifi ya yi sallama har sau biyar. Duk biyar ɗin sun kuɓuce, domin ji daban, iya kamu daban. Segun ya kama shida. Hassan ya koma gida hannu wofi, yana tafe yana murza yatsunsa, har ya tsaya a hanya ya gaya wa wani Basarke cewa sajensa ya karkace.