Ta'aziyyar Fikri da cakulan

Kawun matar Fikri ya rasu a Suhaj, can kudancin Masar, kuma a gidan surukansa kiran waya ba ta'aziyya ba ne. Ko dai mutum ya zo da ƙafarsa, ko ya buga tangaraho, babban gida ya karanta a rumfar makoki har da sunan wanda ya aiko. Fikri ba shi da niyyar kwana a jirgin ƙasa saboda mutumin da bai taɓa amsa gaisuwarsa da kyau ba. Nawal, matarsa, ta ɗaure jaka, ta ce idan ba a ji sunansa a rumfar nan ba, ya nemi mai dafa masa abinci.

Ya sa kwat ya nufi tsohon gidan tangaraho na tsakiyar Iskandariyya. Ginin na nan da agogonsa, sai dai cikinsa ya koma kantuna. A tagar da mahaifinsa ke miƙa saƙo, safa ake sayarwa. Ya tambayi mai gadi inda ake buga tangaraho, shi kuwa ya nuna masa bene ba tare da wata shakka ba. Can ya tarar da shagon kek mai suna Tangaraho, ma'aikatan sanye da hulunan masinjojin da.

Mai shagon ta ce kowane irin saƙo suna rubutawa a kan kek, kuma suna kaiwa har kudu.

"Rasuwa fa aka yi, baiwar Allah."

"To sai a yi da cakulan, Yallaɓai. Ya fi duhu."

Fikri ya juya maganar, bai ga inda ta karkace ba. Ya sa aka rubuta "Muna taya ku baƙin ciki", sunansa a ƙasa. Ya hana a sa fure. Ta sa ɗaya, wai wurin ya yi fili da yawa.

Kek ya wuni a bayan mota cikin zafin kudu. Da babban gida ya buɗe kwalin a gaban jama'a, baƙin cikin na nan daram, sunan ne ya narke ya gangara gefe. Ya tambaya ko wa ya aiko. Sabri, mijin ƙanwar Nawal, wanda ya zo hannu rabbana, ya sunkuyar da kai irin na masu ɓoye alheri. Aka yi ta sa masa albarka.

Nawal ce ta ba Fikri labarin ta waya, ta ƙara da cewa za ta ɗan jima a Suhaj. Ya tambaye ta ko kek ɗin ya yi daɗi. Ta kashe wayar.