Gwangwanin da Ba a Zuba wa Mai Ba

A kicin ɗin gidan abincin nan akwai ƙa'ida: in ka buɗe babban gwangwanin tumatir ka ɗiba, sai ka zuba mai ya rufe sauran ruf, don kada ya yi fumfuna. Doguwa, babbar mai girki, ta sha'afa ba ta gaya wa ƙanwarta Auta ba, wadda ta samar wa aiki kwana huɗu da suka wuce.

Da hantsi Manaja ya shigo, ya ɗaga murfin gwangwanin da aka yanka da wuƙa. Saman tumatirin ya yi fari fat, kamar an shimfiɗa auduga.

"Wace 'yar iskar ce ta buɗe wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Auta.

Ba ta rufe baki ba ya sharara mata mari, ta bugu da tukunya. Ya damƙi ƙeyarta, ya danna fuskarta a bakin gwangwanin.

"Lashe! Tunda ubanki ke sayowa, lashe shi tas!"

Murfin nan mai haƙora ya tsaga kuncin Auta, yana neman idonta. Ta ƙwalla ƙara.

"Yallaɓai, laifina ne, ka sake ta," in ji Doguwa. "Idonta, Yallaɓai!"

"Ke falwaya, rufe min baki kafin in haɗa da ke!"

Ya ƙara dannawa.

Shekara tara Doguwa na haɗiye zaginsa saboda 'ya'yanta uku. Yau maƙogwaro ya ƙi. Ta suri sabon gwangwani da hannu biyu, ta maka masa a wuyan hannu. Ƙas! Ya saki Auta, ya juyo baki buɗe, ta ƙara masa a haɓa. Ya zube cikin kwandon albasa, yana tofar da jini da gutsuren haƙori.

"Kin gama aiki a nan," ya ce da ƙyar. "Sai na sa an ɗaure ki."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta tallabo fuskar Auta, ta share jini da tumatir da bakin zanenta.

"Buɗe idon. Auta, don Allah buɗe ki dube ni."

Fatar idon ta motsa, ta ɗaga a hankali.

"Ina ganinki, Yaya."

Doguwa ta ɗaure mata kuncin da ɗankwalinta, ta kama hannunta. Suka tsallake ƙafafun Manaja, suka fita neman asibiti.