Kai Yamma, Ƙafa Gabas

Tambari ya watso shebur na ƙarshe, ya dafa bakin ramin ya fito da kansa, ya ƙi kama hannun da Mode, abokin haƙarsa, ya miƙo masa. Tsoho ne, amma irin tsofaffin da aka daina yi. Shi ne ƙasa ta rufta wa lokacin ginin madatsar Goronyo, aka tono shi yana zagin masu tonon wai sun yi nawa. Ambaliya ta ci gidansa da albasarsa, ta bar shi a kan tsamiya yana cin goro. Amai da gudawa ta shiga unguwarsu ta fita, ko kansa bai sara ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma daga nan har Rabah, in ana zancen haƙa kabari, to sunansa ake fara kira.

Wannan ramin na Istifanus ne, Badakkare daga Zuru, wanda ya zo aikin madatsa yana saurayi, aiki ya ƙare ya ƙi komawa, ya zauna yana gyara wa masu noman rani injin ban ruwa. Cikin waɗanda suka ɗauki kwanon kankare tare, su biyu suka rage. Kullum suna musu a kan wa zai binne wani. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya ce, "Tambari, kada ka bari a loda ni a mota kamar buhun albasa. Nan na tsufa, nan za ni kwanta. Kai za ka haƙa mini."

To, ga shi ya haƙa, a ɗan filin da Kiristoci ke binne nasu bayan gari. Babban rami a sama, ƙarami a ciki daidai kafaɗar mutum, kudu da arewa, gefe sumul kamar an shafe da hannu.

Sai ga mutanen coci, mata a gaba suna waƙa, maza ɗauke da akwati. Suka sauke shi. Kowa ya dubi akwatin, ya dubi ramin. Waƙar ta mutu a bakin matan.

"Mi an nan?" in ji Tambari. "Mutum ne ko kayan lehe?"

"Baba, da akwatin muke sa shi," in ji Fasto a hankali.

"Duk da shi?"

"Duk da shi."

Ɗantani, ƙanen mamacin, wanda ya zo da mota daga Zuru tun jiya yana neman a ba shi gawar, ya tafa hannu. "Na faɗa muku! Ko kwanciya ba a iya yi masa ba a garin nan. Ku mai da shi mota, rana na yi."

Mode ya sunkuyar da kai. Tambari kuwa ya dubi hannunsa. Mutum nawa ya kwantar da hannun nan, ba a taɓa cewa ya kuskure ko da taƙi ɗaya ba.

"Wa ya ce ban iya ba? Mode, miƙo diga in buɗa shi."

"Ba faɗin kaɗai ba ne, Baba Tambari."

Ladidi ce, matar Istifanus. Ta matso bakin ramin, idonta a bushe, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali.

"Kai yamma ya ce, ƙafa gabas."

"Haba Ladidi! Ina aka taɓa ba gabas ƙahwa? Ai huska aka ba ta. Kai kudu, a kishingiɗa shi kan dama. Haka munka gada."

"Naku ke nan. Shi rigingine zai kwanta. Ran da aka busa ƙaho, Yesu ta gabas zai ɓullo. In ya tashi zaune, ba sai ya waiwaya ba." Ta faɗi haka kamar mai faɗin ranar kasuwa. "Barci ne, Baba. Ana gyara wa mai barci shimfiɗa yadda yake so."

Ɗantani ya riga ya buɗe bayan mota. Tambari ya tofa yawu a tafi, ya ɗauki diga.

"Kai Bazuru, rufe motarka. In inuwar geron can ta taɓa ƙahwarka ban gama ba, ɗauke shi, ka haɗa da ni."

Ya ja sabon layi ya ratsa tsohon ramin ta tsakiya. Ƙasar wurin tauri gare ta, digar tana tashi da ƙara. Mode na kwashewa, samarin coci suka tuɓe riguna za su karɓi Tambari, ya ce wanda ya taɓa digarsa sai ya ga abin da ya hana ambaliya cinye shi. Matan suka koma waƙarsu, wata mai sanyi a kan gidan da babu kuka a cikinsa. Numfashin Tambari ya fara fita da ƙyar. Bai tsaya ba.

Da ya fito, wannan karon ya kama hannun Mode, amma ya ce santsi ne.

Mode ya leƙa ramin, ya raɗa masa, "Tambari, ka ga abin da kay yi kuwa?"

Sabon rami ya gitta tsoho. Gicciye ne sak, kwance a ƙasa. Matan suka fara nuna wa juna. Ɗantani ya daɗe yana kallo, sannan ya je ya rufe bayan motarsa.

"Da gangan niy yi," in ji Tambari.

Aka buɗe akwatin don a yi ganin ƙarshe. Istifanus na ciki da rigarsa ta zuwa coci, bakin man inji bai gama fita daga farcensa ba. Tambari ya tsaya a kansa.

"To, Badakkare. Wa ya binne wani? Na ci."

Babu wanda ya mayar masa. Ya jira kaɗan, kamar dai za a mayar. Sai yanzu ya ga cewa ya ci, kuma babu sauran wanda zai yi wa gorin.

"Ya bar maka saƙo," in ji Ladidi. "Ya ce ya san za ka ce ka ci. Wai in gaya maka kwanciya kawai ya riga ka. Gasar tana wurin tashi."

Tambari ya yi tsaki. "Tashi? Shi da ke cikin akwati? Kahin ya gama kokawa da murhin ga, ni na kakkaɓe likkahwanina na yi gaba."

Har Fasto sai da ya yi dariya. Ladidi ta juya ga mijinta, ga rana tsaka tana dukan kowa, ta ce, "Sai da safe, Baban Rahila."

Aka mai da murfi. Kafinta ya durƙusa da hamarsa, ya kafa ƙusa ta farko, ya ɗaga hannu zai danna ta har ƙarshe. Tambari ya riƙe masa gwiwar hannu.

"Sassauta, ɗana. Taɓa ta kaɗan dai." Ya dubi gabas, ya gyara hularsa. "Kada gobe ya ce da ha'inci na riga shi."