Waken Tulun Abarshi

Rabi ta ɗebi wake a tulun iri na kakanta Abarshi, ta kai lakwal, wato makaranta. Ba ta tambayi kowa ba.

Mushe Hamani, malamin ajinsu, shi ya ce kowane yaro ya zo da ƙwaya daga gida. Suka jera ta kan jiƙaƙƙiyar auduga cikin gwangwanayen tumatir, don su ga yadda saiwa ke riga ganye fita. A Tsarnawa aka yi wannan, bazarar da ta biyo yunwar 1984.

Duk garin an san waken Abarshi. Wajensa ake karɓar iri kowace damina. Abin da ba a sani ba, gidansa ya cinye irin tun cikin yunwa. Shi ya riƙa ɗiba yana ba surukarsa ta dafa, yana cewa sayowa ya yi. Da tulu ya zama wayam, ya cika shi da waken kasuwar Konni, wanda aka gasa cikin rairayi mai zafi saboda ƙwari. Ana cinsa, amma ba ya tsiro. Duk maƙwabcin da ya zo neman iri, sai ya ce masa ya jira ruwa. Yana sa ran samun na gaske kafin nan.

Ranar da tsiro ya yi kyau, Mushe ya kira iyaye su gani. Abarshi ya sa babbar riga ya je.

Gwangwanaye na jere a taga, kowanne da koren ganye biyu. Na Rabi kaɗai ya kumbura, ya yi funfuna, yana wari.

Tanimun, maƙwabcin Abarshi, ya yi dariya. "Abarshi, amaryarka ta ba mu kunya. Jikar mai iri ba ta iya jiƙa wake ba! A ina kika tsinto wannan, 'yar nan?"

"Na tulun Kaka ne," in ji Rabi. "Kullum ina ba shi ruwa."

Mushe ɗan birni ne, bai gane komai ba. Ya ga darasi ya samu. Ya ɓare ƙwaya ɗaya ya ɗaga sama.

"Ku duba, yara. Ruwa ɗaya, iska ɗaya, taga ɗaya. Amma ɗan tsiron da ke ciki ya ƙone. Wannan wake ya ga wuta."

Yara suka matso suna leƙe. Manya ba su matso ba. Tanimun ya daina dariya, ya sunkuyar da kai. Gonarsa a share take, tana jiran wannan waken.

Abarshi ya fita. Bai yi sallama ba. Hularsa ta bugi bakin ƙofa ta faɗi, sai Rabi ce ta ɗauko.

Wani ya raɗa wa Mushe magana. Mushe ya biyo Abarshi da sauri har gindin itacen bedi, da ƙullin tsumma a hannu.

"Baba, ka yafe mini, ban sani ba. Ga irin lambun lakwal, mai kyau ne. Ba wanda zai ji."

Abarshi ya dubi ƙullin. Ya dubi tagar aji, iyaye sun cika ta da ido.

"Mayar da abinka, Mushe," ya ce. "Ba na karɓa."