Layukan da Na Share

Ni dai ba na son tarkace, shi ne ciwona. Ranar Litinin na buɗe jerin umarnin da tsohuwar kwamfutar masana'antar cukunmu take bi idan an kunna ta, na ga layi goma sha biyu iri ɗaya, tana ta kiran kanta tana amsawa. Na ce wannan shirme ne, na share.

Washegari da safe tsohuwar ta ƙi haɗuwa da babbar kwamfutar ofis, inda ma'aunin dafa madara yake. Ga madara lita dubu ashirin a tanki, ta manoma tara, idan ta wuce azahar sai zubarwa. Na sauya waya, na kashe na kunna har na gaji.

Douwe, shugaban ma'aikata, ya leƙo. "Wiebe sarkin shara, ka share mu ke nan? Bari in kira Tjitske."

Tjitske ce ta rubuta umarnin tun ina firamare, ta yi ritaya da daɗewa. Ta iso a keke cikin yayyafi, hannunta duk ƙasar lambu. Kallo ɗaya ta yi wa allon.

"Ɗan nan, ina layukana?"

"Inna, na ɗauka ba su da amfani."

"Amfaninsu ke nan, ɓata lokaci. Katin sadarwarta nauyin barci gare shi. Idan ba ka sa ta jira ba, sai ta ƙwanƙwasa ofis kafin ya farka."

Na mayar da sha biyun. Muka kunna. Ta ƙi.

Tjitske ko a jikinta. Ta goge tafinta a siket, ta ɗora a bayan akwatin kwamfutar, ta karkata kai tana sauraron fankar ciki. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

"Ta tsufa, kuma ɗakin da sanyi. Ƙara biyu."

"In sa ashirin mana, mu huta?"

"In layukan suka kai sha shida, ofis zai gaji ya rufe mata ƙofa. Biyu na ce."

Na ƙara. Muka tsaya muna ƙirgawa a fili, har da Douwe da hularsa a hannu. Daidai kan sha huɗu fitilar katin ta yi kore, bututun da ke saman kanmu ya ɗauki rugugi, madara ta taho.

Shekarata tara ina kula da kwamfutar nan, ban taɓa ɗora mata tafi ba sai don in goge ƙura.