Hujin Allura a Rufin Kwantena

Shekara goma sha tara ina rufe wa Yaya Nejdet ƙofa. Aikinmu ke nan a filin gyaran kwantenoni da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Konstansa. Duk kwantenar da aka sauke kayanta, kafin wani ɗan kasuwa ya loda nasa sai ta biyo ta hannunmu. Shi ya shiga ciki, ni in ja ƙyamare biyun in danna sakata, ya tsaya cikin duhu yana ɗaga kai. Duk inda ya ga haske ya leƙo, huji ne, kuma inda haske ya shiga ruwan teku ma zai shiga. Sai ya zagaye wurin da alli, ya buga ƙarfe sau uku in buɗe masa, in jawo kayan waldata in toshe.

Ba dangina ba ne. Unguwarmu dai ɗaya, masallacinmu ɗaya, ya girme ni da shekara takwas, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi kuwa sunana Ghiulten bai taɓa zama a bakinsa ba, sai dai Uwar Masifa. Ban ce ya yi mini ƙarya ba.

In ana maganar kwantena, Yaya Nejdet ba ya gajiya. Da ya shafa faci da tafin hannu zai ce wannan waldar tashar Busan ce, wannan ta tashar Mombasa, wannan kuwa bahago ne ya yi ta yana sauri zai je cin abinci. Ya ja iska ta hanci ya ce gahawa ta ɗauko, kafin gahawar kuma tayoyi. Yakan ce abokan aikinmu sun fi dubu, ba za mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba: wani ya toshe nasa hujin a can ƙarshen duniya, mu toshe namu a nan, buhun shinkafar wata baiwar Allah ya isa gidanta a bushe. Ni kuma in ce masa ya rage wa'azi ya shiga, layi ya yi tsawo.

A watan Afrilu aka dawo mana da kwantena biyu cikin mako guda. Masu fitar da garin alkama ne suka ga huji a rufinsu, Allah ya taimaka ba su kai ga lodi ba. Oga Oprisan, manajan filin, ya kira mu ofis ya ce in ta uku ta dawo zai nemo wani mai duba. Saura wata goma sha huɗu Yaya Nejdet ya yi ritaya, kuma mutum mai shekara sittin da uku in aka sallame shi a tashar nan, babu mai ɗaukarsa ko gadi.

Washegari na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Da ya shiga, sai na maƙale sandar walda a robar ƙofa ta sama kafin in danna sakata, yadda siririn haske zai shiga. Na tsaya ina jira. Ya buga sau uku, na buɗe, ya fito yana karkaɗe hula ya ce lafiyarta lau, duhu dunɗum.

Lokacin abincin rana ya yi. Muna zaune a kan tsohuwar taya, ya buɗe shuberek, wato fanke mai nama a ciki, da matarsa Sebat ta soya masa, ya miƙo mini ɗaya kamar kullum. Na karɓa, na ɗora masa sandar waldar a cinya, na gaya masa inda na sa ta. Ya daɗe yana juya ta a hannu. Daga nan ya ce yanar ido ce ta rufe masa na dama tun bara, na hagu ma ya fara. Likita ya ce aikin bai fi minti ashirin ba, amma layin asibiti sai watan Agusta. Wata da watanni da hannu yake laluben huji, wani ya dace, wani ya wuce shi. Ko Sebat ba ta sani ba.

Wallahi na zage shi tas. Na ce da ya ci amanar kamfani ban damu ba, amma ni da nake rufe masa ƙofa shekara goma sha tara ya ɓoye mini, ya mai da ni gunki. Ina faɗa ina kuka, mai yana ɗiga daga shuberek ɗin a kan wandona. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "To ke ki shiga mana, Uwar Masifa. Ni in rufe."

Ya san abin da ya roƙa. Ina shekara shida ƙofar ɗakin ƙasa na kakata, inda take adana dankali da albasa, ta rufe da ni tun safe har la'asar, ana can gona ba wanda ya ji ni. Tun daga ranar ko lif ba na shiga. Gidana hawa na shida ne, da ƙafa nake takawa, da kayan cefane da komai. Na ce masa ya manta da wannan zancen, kuma ni ba zan ƙara sa hannuna cikin ƙarya ba. Na ce ya tashi mu je mu gaya wa Oga gaskiya, abin da zai faru ya faru.

Oga Oprisan ba mugu ba ne, mutum ne da waya ke damunsa daga safe zuwa yamma. Ya saurare mu yana murza goshi. Ya ce yana da kwantena goma da za a loda wa sukari ranar Juma'a, sukari kuwa ko raɓa ba ya so. Ya ce yana ganin girman Nejdet, amma mai duba haske da ba ya ganin haske, me zai rubuta wa na sama da shi? Na ga ya jawo takardar sallama daga aljihun tebur. Na kalli Yaya Nejdet, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu, mutumin da ban taɓa ganin ya cire wa kowa hula ba. Sai kawai na ji bakina yana cewa ni zan riƙa shiga, shi ya duba ta waje da guduma, har a yi masa aiki. Oga ya ce ai duk filin nan an san ko banɗaki ba na kullewa. Na ce ya zo ya gani da idonsa, tun da shi nasa idon lafiya lau.

Ta farko a layin shuɗiya ce mai ƙafa arba'in. Na karɓi sandar da aka ɗaura wa alli a baki, na taka har tsakiya. Ƙyaure ɗaya ya rufu, na biyu ya biyo, na ji sakata ta faɗa. Ƙamshin kanumfari ya cika ciki. Ko hannuna ba na gani. Duk addu'ar da na sani ta gudu ta bar ni da Bismillah kaɗai. Na ɗaga sandar zan buga bango a buɗe mini, kowa ya yi ta kansa.

Sai na ji ƙwas, ƙwas a samana. Yaya Nejdet ne ya hau tsani, yana rarrafe a kan rufi da gwiwoyinsa masu ciwo, yana buga guduma taki bayan taki. Na sauke sandar. Na bi ƙarar da kunne, sannan da ƙafa, shi a sama ni a ƙasa, har idona ya fara sabawa. Can kusa da kusurwar gaba ta hagu na hango shi, ɗan haske siriri kamar zare, ya sauko ya tsaya a kan katako. Kafin in kai alli, ƙarar gudumar ta sake, ta zama ta ƙarfen da tsatsa ta ci, sannan ta tsaya. Hasken ya ɗauke. Ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ashe babban yatsansa yake ɗorawa a kan hujin yana ɗagawa, yana tambayata ko nan ne. Na fashe da dariya ni kaɗai cikin duhu, hawaye na zuba, na zagaye wurin da alli, na buga sau uku.

Oga ne ya buɗe. Ya shiga ya ga da'irata, ya hau tsani da takalminsa na ofis ya ga ta Nejdet, wuri ɗaya. Ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce daga yau takardar kowace kwantena mu biyu za mu sa mata hannu, ranar asibiti kuma a kawo masa a rubuce ya ba da hutu. Ya ƙara da cewa in na suma a ciki ba ruwansa. Na ce ya je ya amsa wayarsa.

Yaya Nejdet ya sauko da ƙyar, ya mai da hularsa kai, ya tsaya a bakin kwantena ta biyu riƙe da ƙyaure. Saura tara kafin Juma'a.

Na ce, "Yaya, kada ka daina bugawa. Ko babu abin dubawa, ka yi ta bugawa."

Ya ce, "Sai dai in hannun ya guntule, Ghiulten."

Na gyara riƙon sandata na shiga.