Saniya ta Hamsin da Uku

Toos ta sake ƙirga su, tana tafe a tsakiyar rumfar shanu tana dafa bayan kowacce. Hamsin da uku. A waje kogin Maas ya riga ya cinye makiyaya, kawunan sandunan shinge kawai ake gani.

"Sha uku motar nan take ɗauka," in ji Sjef, direban da ya gangaro da motar shanu daga ƙauyen tudu. "Zuwa da dawowa awa guda. Ƙarfe uku 'yan sanda za su rufe hanya. Sawu huɗu ke nan. Ke ce malama, yi lissafinki."

Ta riga ta yi. Shekara ashirin tana koyarwa a firamare kafin ciwon ƙugu ya kwantar da mijinta Wiel, gona ta dawo hannunta. Sha uku sau huɗu, hamsin da biyu.

"Sa sha huɗu a sawu ɗaya, Sjef. Don Allah."

"Su tattake juna a kwanar coci? In ɗaya ta faɗi a ciki ba ta tashi. Ba da ni ba."

Suka loda sawun farko. Yana tafiya ta hau kiran maƙwabta. Mai tirela yana kwashe aladunsa, wani bai ɗauki waya ba, wata kuwa kuka ta fashe da shi tun kafin Toos ta faɗi abin da take so. Ta tsaya a bakin rumfa tana juya lambar a kanta. Bibbiyu, saura ɗaya. Hurhuɗu, saura ɗaya. Shida-shida, saura biyar. Irin lambobin nan ne da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. A aji, alewa take ba yaron da ya fara gano su.

Ana loda sawu na uku Wiel ya bugo daga asibiti.

"An fitar da su duka?"

"Muna kai."

"Betje fa? Kin san ƙafarta."

"Na ce muna kai, Wiel. Sha maganinka."

Ƙarfe biyu da kwata Sjef ya dawo ɗaukar na ƙarshe. Ruwa ya shigo tsakar gida, yana lasar tayoyi. Shanu sha huɗu suka rage, suna ta kuka saboda nono ya cika musu hantsa.

Sjef ya nuna Betje da haɓa. Guzuma ce mai ɗingishi, shekararta goma sha biyar, madararta ba ta cika bokiti.

"Bar wannan. Ki kwance ta, ki zuba mata ciyawa a kan dandamali. Wataƙila ruwan ba zai kai can ba."

"Zai kai."

"To me kike so in yi, Toos? In goya ta?"

Toos ta kama wuyan Betje ta ja ta zuwa motar, tana turawa da kafaɗa har tsohuwar ta hau da ƙyar. Sannan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙafafunsu. Ta tsaya a kan Riek, 'yar shekara uku, wadda ta fi kowacce madara da faɗin ƙirji, ta ɗaura mata igiya ta ja ta gefe.

Sjef ya saki baki. "Kin haukace? Wadda ta fi duka za ki bari?"

"Ita ce za ta iya tafiyar kilomita bakwai ta kan jingar da ke tare kogi, har tudu."

"Da wa?"

Toos ta ja zif ɗin rigar ruwanta har wuya.

"Shekararki sittin da ɗaya! Jingar nan tun safe aka ce tana yoyo. In ta ɓalle kina kai fa?"

"Loda, Sjef. Lokaci na tafiya."

Ya loda yana zage-zage ƙasa-ƙasa. Da ya rufe ƙofar baya, ya shiga gaba ya ɗauko burodi da cuku da matarsa ta naɗe masa, ya cusa mata a aljihu ba tare da ya dube ta ba.

Motar ta fita tana keta ruwa. Toos ta kulle ƙofar gida, ko da yake ta san kulle ba ya hana ruwa shiga. Ta ja igiya. Riek ta turje, ta kafa ƙafafu, tana kallon inda 'yan uwanta suka bi.

"Haba 'yar nan," in ji Toos. "Ni ma ban so ba."

Ta sassauta igiyar, ta juya baya, ta fara hawa jingar ita kaɗai. Sai a taku na goma ta ji numfashi mai ɗumi a bayan wuyanta.